Shaidar mutum a kan kansa: yadda malaman Kirista na farko suka fassara Yohanna 5:31

Duk wanda ya taɓa zama a kotu a Haɗejiya ana shari'ar iyakar gona a fadama ya san cewa alƙali ba ya yanke hukunci da maganar mai ƙara ita kaɗai, sai ya kawo shaidu. Wannan ƙa'ida ce ta sa wata aya a Bisharar Yohanna, wadda wasu fassarorin Hausa ke kira Yahaya, ta daɗe tana ɗaukar hankalin malaman Kirista.

A sura ta 5 aya ta 31, an ruwaito Yesu Almasihu yana cewa idan shi kaɗai ne ya shaidi kansa, shaidarsa ba tabbatacciya ba ce. Amma a sura ta 8 aya ta 14, da Farisiyawa suka tuhume shi da shaidar kansa, sai ya amsa cewa ko da ya yi hakan, shaidarsa gaskiya ce. Asalin batun yana cikin Attaura, a Maimaitawar Shari'a 19:15, inda aka shar'anta cewa magana ba ta tabbata sai da shaidu biyu ko uku.

Yohanna Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya kafin a naɗa shi bishop na Kustantiniya a 398, ya warware wannan kamar-saɓani ta hanyar duba masu sauraro. A ganinsa, a aya ta farko Yesu ya yi magana ne bisa zaton abokan gardamarsa, wato a wurinsu ne shaidar ba za ta karɓu ba. Shi ya sa nan take ya jero wasu shaidu: Yahaya Maibaftisma, da ayyukan da yake yi, da Uba, da Littattafai.

Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya fi zurfafawa. Cikin jawabansa 124 a kan wannan Bishara, ya yi misali da haske: shi ke nuna sauran abubuwa, kuma shi ke nuna kansa, ba a kunna wata fitila don a ga fitilar da ke ci. Sai kuma ya taɓo wurin da ke da wuya. Shaidu biyu na iya haɗa baki su yi ƙarya, kamar dattawa biyun da suka yi wa Susana ƙazafi a labarin da ke haɗe da littafin Daniyel. To me ya sa doka ta dogara da adadi? Amsarsa ita ce, biyu ko ukun ishara ce ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan fassara tana gamsar da wanda ya riga ya yarda da aƙidar Triniti ne kawai. Tambayar da ya yi a kan shaidar zur kuwa ta shafi kowace kotu.

Agustin ya rasu a 430, Kirisostom a 407. Masu karatu da Hausa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya ba da gudummawa mai yawa a cikinsa.