Daga Sha-ka-fashe Zuwa Shayin Rama

Kwanakin baya wata uwa daga wani ƙauyen Kudan ta ajiye mini leda biyu a tagar ɗakin magani. Ta ce a ɗakin 'yan matanta ta tsince su. Ɗaya ƙwayoyin ƙara ƙiba ne na ƙaramar, ɗaya kuwa shayin rage ƙiba ne na babbar. Ta dube ni ta ce, "Likita, wanne ne mai illar a ciki?" Na ce mata, "Mama, duka biyun." Ya kai mai karatu, ledojin nan biyu kowace da tarihinta, kuma sanin tarihin zai taimake ka in ka tsinci irinsu a gidanka.

Kakanninmu sun san yunwa ido da ido. An yi ta Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an kuma yi farin 1973. Mutumin da ya ga irin wannan ba ya kallon rama a matsayin ado. Shi ya sa har yau idan aka ce mace ta yi kyau bayan aure, galibi ana nufin ta murmure, idan kuwa ta rame sai a fara tambayar ko mijin na ciyar da ita. Da aka sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, sai rama ta ƙara zama abin tsoro, domin sunan cutar ma daga ƙanjamewa aka ɗauko shi.

A da, da fura da nono da kunun gyaɗa ake gyara amarya. Daga baya shagunan magani suka kawo gajeriyar hanya, wadda 'yan mata suka laƙaba wa suna sha-ka-fashe. Yawanci haɗi ne na maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da kuma deksametazon. Ƙibar deksametazon ta bogi ce: fuska ta kumbura, ruwa ya taru a jiki, sannan hawan jini da ciwon suga da raunin garkuwar jiki su biyo baya.

Son rama kuwa baƙo ne, ta wayar hannu ya shigo, ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Yarinya takan ɗauka sabon ilimi ta samu, alhali tsohon kaya ne aka sake wa riga. A 1863 wani dattijo mai sana'ar jana'iza a Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya rage teɓa da barin burodi da sukari da dankali. A 1972 likita Robert Atkins na Amurka ya sake tallata wannan dabara, ta bazu a duniya. Shi kuwa tsarin kito da ake yayi yanzu, a 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo ya gabatar da shi domin masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawar likita ake bin sa.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Baturen da ya bar burodi yana cike gurbin da nama da ƙwai da kifi. 'Yar shekara goma sha biyar a Ikara ko Makarfi, idan ta bar tuwon masara da shinkafa da koko, me ya rage mata a kwanon gidan? Miyar kuka kaɗai. Abin da take kira tsarin abinci ya koma yunwa zalla, a daidai shekarun da ƙashinta ke girma, take kuma zubar da jini kowane wata. Ga shi a yankinmu da yawa ba sa daɗewa bayan wannan shekaru suke aure. Wadda ta shiga ciki na fari da ƙarancin jini, ita da jaririnta duk suna cikin haɗari. (Abin dariya, na ga wadda ta ƙaurace wa tuwo saboda sitaci, amma kullum tana tsotsar rake da mazarƙwaila, ƙasar Makarfi kuwa ba a rasa su.)

Magungunan rama ma tarihinsu ba mai daɗi ba ne. A farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam suka rasa ƙodarsu bayan shan wani haɗin ganyaye na rage ƙiba. A 1997 Amurka ta janye fenfuluramin saboda yana lalata murafen zuciya. A 2010 aka janye sibutramin a Turai da Amurka saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma an sha gano shi a ɓoye cikin shayi da kofin rama masu ɗauke da rubutun "na ganye ne zalla". Da yawa daga irin shayin nan filasko ne a ciki, ganyen da kakanninmu ke sha don wankin ciki. Zawo yake sawa. Ruwa da gishirin jiki ne ke fita, kitsen na nan inda yake.

In ka tsinci irin waɗannan a ɗakin 'yarka, kada ka fara da faɗa, domin ɓoyewa za ta ƙara yi. Tambaye ta wa ya ce mata jikinta na da aibu, sau da yawa ƙawa ce ko saurayi, wani lokaci ma gwaggo. Ka kawo kwalin asibiti yadda yake, mu duba abin da ke ciki da lambar NAFDAC. Shayin za a iya dainawa nan take. Amma wadda ta yi makonni tana shan deksametazon kada a tsayar mata da shi rana ɗaya, domin hakan na iya sa jininta ya faɗi ta suma. A hankali likita zai riƙa rage mata shi, a kuma auna jininta da sukarinta. Haka aka yi wa ƙaramar 'yar matar nan ta Kudan. Babbar kuwa ƙwayar ƙarin jini aka rubuta mata.