Asalin Daren Halowin da Al'adunsa

A ƙasar Ailan da tuddan Sikotilan, tun kafin addinin Almasihu ya isa can, al'ummar da ake kira Kelt ba su da wani lokaci mai nauyi a shekara kamar ƙarshen kaka, domin a nan ne, bayan an gama shigar da amfanin gona, makiyaya kan gangaro da shanu daga tuddan da suka yi kiwo tun watan Mayu, a ware waɗanda harawar da aka tanada za ta iya riƙewa, a yanka sauran a zuba wa naman gishiri, sa'an nan kowa ya fuskanci hunturu mai dogon dare, wanda ba kowane tsoho ko jariri ke ganin ƙarshensa ba. Sawin suke kiran wannan lokaci. A jajiberensa akan hura manyan wutace a kan tuddai, kuma hikayoyin da ruhubanawan Ailan suka rubuta daga baya sun ruwaito cewa a daren ne ƙofofin aljannu ke buɗewa, har su yi cuɗanya da bil'adama.

Da Majami'ar Rum ta kafu, sai ranar ta sami wata rigar. Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741 Miladiyya, ya keɓe wani ɗakin ibada a Majami'ar Bitrus domin dukan waliyyai, a shekara ta 835 kuma Sarki Luwis, ɗan Shalaman, ya tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin idinsu a daularsa; jajiberen wannan idi shi ne daren Halowin. Bayan haka Odilo, shugaban ruhubanawan Kuluni a Faransa, ya ƙara 2 ga wata domin yi wa sauran mamata addu'a.

A nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin take, ko da yake ita ce aka fi mantawa. Nasara na wancan zamani sun yi i'itiƙadin cewa akwai wani mazauni tsakanin mutuwa da Aljanna inda ake tsarkake rayuka da azaba, kuma addu'ar masu rai tana rage musu wa'adi. Saboda haka matan gida a Ingila kan gasa 'yan ƙananan wainar alkama masu kayan ƙanshi, a zana alamar gicciye a kan kowace, talakawa da yara kuwa su bi gida gida suna waƙa, duk wanda aka miƙa wa waina guda ya ɗauki alkawarin roƙa wa mamatan gidan gafara. Mai wadata yana bukatar addu'a, matalauci yana bukatar abin sawa a baki, mamaci kuma yana jiran rahama; sadaka ɗaya ta haɗa su ukun, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Da 'yan Furotesta suka tashi a ƙarni na 16 suka ce wannan aƙida bidi'a ce, sai addu'ar ta yi ta raguwa, amma yawon bai mutu ba. A Sikotilan yara suka ci gaba da ɓad da kama, suna shafa baƙin tukunya a fuska, suna yin waƙa ko wasa kafin a ba su tuffa ko kwabo, kusan yadda yaranmu ke tashe da azumi.

Fitilar Halowin da ake sassaƙa wa fuska kuwa, mutanen Ailan da wata saiwa mai tauri da ake kira tanif suke yin ta, su rarake cikinta su sa kyandir, suna danganta ta da tatsuniyar wani marowaci mai suna Jak, wanda ya yaudari Iblis, da ya mutu Aljanna ta ƙi shi, wuta ma ta ƙi shi, aka bar shi yana gararamba da garwashi guda. 'Yan mata kuma kan ci burodin da aka ɓoye zobe a ciki, wadda ta dace da shi a ce aurenta ya kusa.

Yunwa ce ta ƙetarar da bikin teku. Daga 1845, da cuta ta afka wa dankalin Turawa a Ailan, kimanin mutum miliyan ɗaya suka halaka, wasu fiye da haka suka yi hijira, akasari zuwa Amurka, inda suka tarar da kabewa, wadda ta fi tanif girma da sauƙin sassaƙa. Can ɓarnar samari a wannan dare, irin su cire ƙyauren shinge da fasa tagogi, ta kai ga dattawan gari suka fara shirya biki a fili domin su ɗauke musu hankali, kamar yadda garin Anoka na jihar Minesota ya yi a 1920. Da aka ɗage taƙaita sukari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, sai yawon yara na neman alewa ya game unguwanni, masu sana'arta kuma suka mayar da watan Oktoba ɗaya daga cikin manyan lokutan cinikinsu.