Tarihin Daidaita Layin Rubutu a Zanen Kwamfuta

Tun kafin zuwan na'ura, marubutan Larabci sukan ja wasu haruffa su ƙara musu tsawo domin kowane layi ya kai haddinsa, shi kuwa Gutenberg, da ya buga Littafi Mai Tsarki a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, sai ya sarrafa haruffa masu faɗi dabam-dabam domin cimma wannan manufa. Da kamfanin Adobe ya fito da PostScript a 1984, harshen da ke siffanta zane da lissafi maimakon ɗigo-ɗigo, bai tanadi umurnin daidaita rubutu ba, sai dai mai tsarawa ya auna tsawon layin da kansa, ya koma baya da rabinsa, sa'an nan rubutun ya zauna a tsakiya.

Bayan ƙungiyar W3C ta tabbatar da tsarin zanen kwamfuta na SVG a 2001, al'amarin ya sauƙaƙa, domin an ba kowane rubutu wurin dogaro iri uku: farko, tsakiya da ƙarshe. Hikimar da ke ciki ita ce ba a ce dama ko hagu ba, tunda farkon layin boko yana hagu, na ajami da Larabci da Ibrananci kuwa yana dama. Da wannan ƙa'ida guda aka yi wa ma'abota kowane rubutu adalci, kuma ya kamata mai zana taswira ko tambari ya san ta kafin ya ajiye aikinsa.