Yadda ake rage ƙarfin lantarki domin na'urorin sauti masu bolt 110

Wasu daga cikin amfilifaya, rikoda da garmaho na gwanjo da ke isa hannun masu gyara a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, ba don wutar Najeriya aka ƙera su ba. Wutar gidajen ƙasar nan bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce mai zagaye 60, ta Japan kuwa bolt 100, inda Tokyo ke kan 50, Osaka kuma kan 60. Masallatai, coci-coci da masu sa kiɗa a bukukuwa daga Kagoro zuwa Zonkwa da Kwoi suna son waɗannan kaya saboda araha da ƙarko, amma jonawa ɗaya ta kuskure ta isa ta ƙone su.

Idan aka ninka bolt, wutar da na'ura ke ja ita ma ninkuwa take yi, zafin da ke taruwa a cikinta kuma ya kusa ninki huɗu. Fis kan tsinke idan an yi sa'a, in ba haka ba koyil ya ƙone. Adaftar da ke mayar da fulogin Amurka ya shiga soket mai ƙafa uku ba ta rage ko bolt ɗaya. Siffar baki kawai take sauyawa.

Abin da ke wannan aiki shi ne ƙaramar taransifoma, wadda masu gyara ke kira sitef-dawun. Irin aikin da taransifomar unguwa ta kamfanin Kaduna Electric ke yi ne lokacin da take sauko da bolt 11,000 zuwa wutar gida, sai dai ita wannan tana da waya naɗi biyu a kan ƙarfe ɗaya, na fita kusan rabin na shiga. Sitabilaiza da dama da ake sayarwa a kasuwa suna da soket na 110, amma sau da yawa ba ya ɗaukar nauyin da aka rubuta a gaban akwatin. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a duba yawan wat da ke bayan na'ura, a sayi taransifomar da ta fi shi da rabi ko ta ninka shi, domin inji da amfilifaya suna fizgar wuta mai yawa a lokacin kunnawa. Ƙananan na'urorin matafiya marasa nauyi, masu alƙawarin wat 1,600, na dutsen guga ne da abin dafa ruwa. Yanka wutar suke yi gunduwa-gunduwa, kuma suna lalata inji.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun zagaye. Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta taɓa mayar da 50 ya zama 60. A tsofaffin garmaho da manyan rikodoji masu zaren naɗi, ɗan injin da ke juya faifai yana bin zagayen wutar ne sau da ƙafa. Injin da aka yi domin 60, idan ya samu 50, zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa: faifan da ya kamata ya juya sau 45 a minti sai ya koma 37 da rabi, mai 33 da sulusi ya faɗo ƙasa da 28. Muryar mawaƙi ta yi kauri, waƙa ta riƙa jan ƙafa, mai kaya ya ɗauka an sayar masa da lalatacce. Maganin shi ne a sauya ɗan gangar da bel ke hawa a bakin injin da wanda ya fi shi kauri da kashi ɗaya cikin biyar. Na'urorin da ke daidaita gudunsu da kansu, irin su Technics SL-1200 da galibin rikodojin kaset, ba su da wannan matsala.

Akwai kuma zafi. Injin 60 ya fi ɗumi a kan 50 ko da an ba shi bolt ɗinsa daidai, shi ya sa saukar da wutar zuwa wajen bolt 100 ko 110 ya fi masa lafiya da 120.

Janareto na ƙara dagula lissafi. Ƙaramin janareto sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da zagaye 50, kuma da zarar nauyi ya yi masa yawa gudunsa ya ragu, sautin garmaho ya bi shi ƙasa. A manyan taruka irin bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, raba layin sauti da na fitilu da firji yana rage wannan tangal-tangal.

Ta fuskar tsaro, taransifoma mai arha galibi naɗi ɗaya gare ta, babu rabuwa tsakanin wutar shiga da ta fita. Idan aka juya wayoyin soket, na'urar za ta yi aiki lafiya, alhali wayoyinta na ɗauke da cikakken bolt 230 tsakaninsu da ƙasa, abin da ke iya kai wa mai riƙe da makirufo idan rufin waya ya lalace. Mai naɗi biyu ta fi tsada da nauyi, ita ce kuma ta dace da wurin taron jama'a, tare da wayar ƙasa da fis daidai gwargwado.

Kafin a kashe ko kwabo, a karanta rubutun da ke bayan na'urar. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ta buƙatar komai, wasu kuma suna da ɗan maɓalli na 115 da 230 da ake turawa da sukudireba kafin a jona.