Tsibirin Moris: yadda jam'iyyar leburori ta taso daga gonakin rake

Yau mun leƙa tsibirin Moris, wata ƴar ƙasa ta Afirka da ke cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Mutanenta wajen miliyan 1 da dubu 200 ne, ba su kai rabin jama'ar jihar Maradi ba. Can ne jam'iyyar ma'aikata, wadda suke kira Parti Travailliste, ta yi tashe. Masana siyasa suna sa ta a ɓangaren hagu mai sassauci. Ma'ana ba ta ƙwace dukiyar masu hali, amma tana so gwamnati ta tsaya wa lebura da talaka.

Asalinta daga rake ne. Faransa ta riƙe tsibirin har 1810, sannan Ingila ta karɓa. Da aka hana bauta a 1835, sai masu gonaki suka riƙa kwaso ƴan ƙwadago daga Indiya, kusan mutum rabin miliyan cikin shekarun da suka biyo baya. Su ke noma, su ke sara, su ke dakon buhunan sukari, amma ba su da bakin magana. Ƙuri'a ta masu dukiya ce kawai.

A watan Fabrairun 1936 wani likita, Dakta Maurice Curé, ya kafa jam'iyyar a Port-Louis, babban birni. Shekara ɗaya bayan haka, masu injinan sukari suka karya farashin wani irin rake da ƙananan manoma ke kai musu. Manoma da leburori suka yi bore, aka harbe wasu. A 1938 ƴan dakon tashar jiragen ruwa suka shiga yajin aiki, Turawa suka kori jagoran sandika Emmanuel Anquetil zuwa tsibirin Rodrigues. A 1943 kuma ƴan sanda suka buɗe wuta a gonar Belle Vue Harel, cikin waɗanda suka mutu har da wata mace mai ciki, Anjalay Coopen, wadda har yau ake tunawa da ita.

Abin da ya juya lamarin shi ne ƙuri'a. A zaɓen 1948 aka ba duk wanda ya iya ɗan rubutu damar zaɓe, masu rajista suka tashi daga wajen dubu 11 zuwa sama da dubu 70. A 1959 kowane baligi ya samu ƙuri'a, jam'iyyar ta ci kujeru 24 cikin 40. Lokacin ragama ta koma hannun Dakta Seewoosagur Ramgoolam, ɗan wani lebura da ya zo daga Indiya. Shi ya kai ƙasar ga ƴancin kai ranar 12 ga Maris 1968, ya zama firaminista na farko. Gwamnatinsa ce ta mai da karatun sakandare kyauta.

Sai dai ƙuri'ar da ta ɗaga su, ita ta kayar da su. A 1982, ga rashin aikin yi ga tsadar rayuwa, ƴan adawa suka kwashe kujeru 60 na babban tsibirin kaf, Ramgoolam kansa ya rasa tasa. Ya sauka ba tare da rigima ba. Ɗansa, Navin Ramgoolam, ya dawo da jam'iyyar mulki a 1995 da 2005, ya faɗi a 2014. A Nuwamban 2024 ƙawancen da yake jagoranta ya ci kujeru 60 cikin 62, bayan kukan tsada da abin kunyar satar sauraron wayoyin jama'a.

Masu suka suna cewa jam'iyyar leburori ta koma gadon gida ɗaya, daga uba sai ɗa. Magoya baya kuma suna nuna makaranta da asibiti kyauta. Ko wanne ke da gaskiya, tun 1968 mulki bai taɓa canza hannu a Moris da ƙarfin tuwo ba.