Suk al-Shabi: Tasha, Kasha da Ƙarfe Sha Ɗaya na Dare

A wannan bikin cikar shekara na ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi kasuwar da yawancinmu muka fara sauke kaya a cikinta. Suk al-Shabi biyu ce, ɗaya a Khartoum, ɗaya a Omdurman, kuma kowace tasha ce kafin ta zama komai. Daga ta Omdurman aka daɗe ana hawa motocin yamma da na Dongola. Ta Khartoum kuwa ta daɗe tana sallamar motocin Wad Madani da Sennar, hanyar da ke kai mutum Mai Wurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Inda tasha da kasuwa suka haɗu, cunkoso dole ne: manyan bas, da raksha, da amalanken jaki, da 'yan dako ɗauke da buhuna, duk a titi ɗaya. Sai dai ba nan hukuma ta fi kai ido ba. A 1996 Jihar Khartoum ta kafa dokar tsarin jama'a, wadda ta ce sai da izini za a yi biki da kiɗa, kuma a tashi da ƙarfe sha ɗaya na dare. Duk wanda ya aurar da 'ya a shekarun nan ya san zaryar neman takardar. Ga kuma kasha, samamen da ƙaramar hukuma ke yi da 'yan sanda, a kwashe teburan 'yan tireda, da kujerun mata masu shayi, da tiren masu agashe, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne. Sai an biya tara kaya su dawo, in sun dawo. A ganinmu, da rabin ma'aikatan nan aka tsayar a mararraba suna ba da hannu, da an rage jinin da ke zuba a bakin tasha.

Abin da ya sauƙaƙa titin Khartoum a ƙarshe shi ne mayar da motocin nesa Mina al-Barri, kusa da Suk al-Markazi, ko da yake cinikinmu ya ji jiki, don fasinja shi ne mai saye. Dokar 1996 kuwa gwamnatin Hamdok ta soke ta a Nuwamba 2019.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya bar rumfuna a ƙone, shaguna a fashe. Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a Maris 2025 ake ta komawa kaɗan-kaɗan, kuma yanzu ne za a sake shata wurin tsayuwar motoci da na 'yan tebur. Muna roƙon shugabanninmu su nemi kujera a zaman ƙaramar hukuma tun kafin a ja layi, su tafi da sunayen membobin da suka rasa rumfa.