Daga Gidan Fatoma zuwa Otal

A zamanin da, in falke ya taso daga Maruta ko Gwaram da jakunansa, ya biyo ta Birnin Kudu za shi Kano, ba ya tunanin kuɗin wurin kwana. A hanya ya yada zango. In ya iso birni kuwa, sai ya nufi gidan fatomansa. Fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, a fito masa da tuwo daga cikin gida, sa'an nan ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in cinikin na bashi ne. Ba a cewa baƙo ya biya ko wuri. La'ada ita ce rabon mai gida, sai ɗan abin tsaraba. Sau da yawa inda uba ya saba sauka, nan ɗa zai gāji sauka.

Jirgin ƙasa ne ya zo da wani sabon salo. Hanyarsa ta iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas, aka kafa tasha a bayan ganuwa. Jirgin nan ya kwaso baƙi waɗanda ba su da fatoma, watau akawuna da masu gyaran inji da 'yan tireda daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas. Cikin 1913 Turawa suka yanka musu Sabon Gari. A irin wannan wuri ne Bahaushe ya soma ganin gidan da mutum zai shiga bai san mai shi ba, ya ajiye kuɗi, a miƙa masa mabuɗi, ba ruwan kowa da asalinsa.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla alkawari a Birasal na hana kai barasa inda ba ta riga ta yaɗu ba, Arewa kuwa tana ciki. Ba wai ba a san giya ba ne, gama Maguzawa na dafa tasu tun kaka da kakanni; ta kwalba ce baƙuwa. To, ga jirgi yana tahowa daga bakin teku, ga Sabon Gari ba ta hannun Sarki, don sai 1940 aka mai da ita ƙarƙashin En'e. Sai masauki da mashaya suka haɗu cikin gida guda. Shi ya sa aka daɗe dattijo ba ya son a ce an gan shi a ƙofar otal, ko da ruwan sanyi ya je sha.

Da jirgi ya miƙa Nguru cikin 1930, garuruwan tasha kamar Malam Madori suka cika da baƙi saboda cinikin gyaɗa. Gwaram da Birnin Kudu kuwa jirgi bai taɓa ratsa su ba. Su mota ce ta ishe su, ta mai da tafiyar kwanaki ta zama ta yini, har falke ya iya sayar da kayansa a Kano ya komo ya kwana a ɗakinsa.